Tsamin Iya a Kwalba

Da sunan Allah zan fara, shi da ya ara mini kwana har na ga jikokina suna gyara mini Faransanci. Nafisa, Bashir, ku nake rubuta wa wannan, ku kuma karanta wa 'ya'yanku idan sun yi hankali. Ranar sunan 'yarki, Nafisa, ina zaune a tsakar gida na ji kina gaya wa dangin mijinki cewa ruwan tsamin da ke cikin tukunyarmu tun daga ƙasar Katsina ya zo, hannu zuwa hannu, bai taɓa yankewa ba. Kina faɗa kina ɗaga kai, su kuma suna ta cewa ikon Allah. Ba ƙarya kika yi ba, abin da kika ji kika maimaita. Amma ba haka ba ne. Haka ma zancen da kuka taso da shi, wai ciwon gwiwa ne ya sa kakarku Mma ta daina sayar da koko. Wace gwiwa? Matar da take taka ƙafa daga gida har bakin babban titi ta dawo ko nishi babu! Ni ce gwiwar, kuma yau zan faɗa.

Ku da kuka taso da burodi da madarar gwangwani, bari in fara gaya muku mene ne tukunyar. Idan aka jiƙa gero aka niƙa aka tace, kamun ya kwanta, akwai ruwan da ke tasowa a sama. Shi Mma take zubawa a wata baƙar tukunyar ƙasa da ke bayan ƙofar kicin, kan ruwan jiya, wanda shi ma an zuba shi kan na shekaranjiya. Kullum da safe ta ɗebi na sama ta dama kokon sayarwa, ta mayar da sabo. A ƙasa akwai wata laka fara-fara mai kauri, ita ce uwar, kuma dokar gidanmu guda ce: ba a ganin gindin tukunya. Mahaifiyar Mma, wadda muke kira Iya, ita ta zo da uwar nan daga arewa a cikin gora, tare da ayarin fataken goro, tana ciyar da ita a kowane zango har suka ga teku. Haka aka ce, ni dai ban auna ba. Abin da na gani da idona shi ne ranar da aka tashe mu daga tsohon Zongo na cikin garin Lomé aka kai mu bayan gari, ina 'yar ƙarama. Gado ya karye a mota, akuyarmu ta tsere, amma Mma tana zaune kan kaya da tukunya a cinya, ta rufe bakinta da faifai ta danne da haɓarta har muka isa.

Ni ce 'yar fari, don haka Mma ba ta taɓa kiran sunana ba. Kunya ce ta mutanen da, ku ba ku san ta ba. Sai dai in ji “ke,” ko “ke waccan,” da na shiga makaranta na koma “'yar boko,” da na fara aiki kuma na zama “Madam Labo.” Ƙanwata Asabe kuwa, innarku ta unguwar Djidjolé, sunanta yake yini a bakin Mma. Na sani al'ada ce, na sani ba ƙiyayya ba ce, amma ba zan ɓoye muku ba, ina yarinya nakan tsaya bayan ƙofa in jira ko za ta yi suɓul da baka ta ce Hajara. Ba ta taɓa yi ba.

A labo, wato ɗakin gwaje-gwajen jami'a, ni ba farfesa ba ce, kada ku ƙara mini girma. Ni ce mai haɗa kaya, mai aune-aune, mai kula da injin. Farfesanmu wani dogon mutumin Kpalimé ne mai son magana, shi ya samo injin daga Turai bayan ya rubuta wasiƙu har hannunsa ya gaji. Sunan aikin elektrodiyaliz, kuma in kun ga injin sai ku raina shi. Wasu 'yan siraran tantani ne, kamar ledar da ta sha ruwa, a jera su ɗaya bayan ɗaya da ɗan fili a tsakaninsu, a matse su tsakanin farantan ƙarfe biyu, a sa musu wuta. Shi tsamin da ke cikin nono ko kamu, wanda muke kira asid laktik, idan ka zuba masa soda sai ya rabu gida biyu, rabi mai cajin da ke jan shi dama, rabi mai cajin da ke jan shi hagu. Tantanin kuma iri biyu ne: wannan ba ya barin kowa ya wuce sai na dama, wancan sai na hagu. To tsamin ya ratsa tantani na farko, ya isa na biyu ya tarar ba hanya, sai ya tsaya ya taru a ɗan filin nan. Sukari da ƙamshi da duk abin da ba shi da caji, wuta ba ta san da su ba, a baya ake barin su. Daga nan a bi da shi ta wani jerin mai tantani na uku, wanda ke tsaga ruwa, ya zare masa sodar ya dawo da shi tsami zalla. Tantanin nan ba sa son bushewa ko na yini ɗaya, sai su tsage, don haka har ranar Lahadi nakan hau zemijan, babur ɗin haya, in je in duba ko suna cikin ruwa.

Wallahi na so injin nan. Da rana idan kowa ya tafi cin abinci, nakan zauna kusa da shi, famfon yana ɗan gurnaninsa, iskar teku tana kaɗa labule, in zuba wa bututun ido. Ba ka ganin komai. Ruwa ya shiga da launin toka ya fita da launin toka, amma allurar awo tana hawa a hankali, ka san a ciki akwai tafiya, dubbai bisa dubbai suna ƙetarawa shiru. Sai hankalina ya tashi ya bar ɗakin. In ga duk ruwan tsamin da matan Zongo ke kwararwa a kwata yana bin bututu zuwa wani farin gini a bakin teku, ana mayar da shi maganin asibiti da abin adana abinci. In ga Mma zaune a kujera da sabon mayafi, ta daina tashin asuba, ta daina ɗaukar itace. A mafarkin nan har sunana take kira.

Na taɓa ƙoƙarin bayyana mata aikin, tana tankaɗe tana saurare.

“Wato tsamin kuke cirewa daga ruwan tsami?”

“Eh, Mma. Mu fitar da shi tas, ba datti.”

“Au, wanki kuke yi masa ke nan. To shi ya ce muku ya yi datti?”

Ta yi dariya har rariyar ta kusa faɗuwa, ni kuma na ɓata rai na ce a zuciyata wata rana za ta gani.

Shekarar da nake son ba ku labari, wutar lantarki ta yi ta wasa da Lomé, a ɗauke da safe a kawo da yamma. Aka ce waɗanda suka ba mu injin za su turo mutane biyu ranar Alhamis su ga yana aiki, in sun gamsu za su ɗauki mutum ɗaya ya je can ya ƙaro ilimi. Kowa ya san ni ce mutum ɗayan. Mun yi sati biyu muna renon namu ruwan a cikin na'urar ɗumi, ranar Talata muka buɗe muka tarar ya ruɓe, wari kamar mushe, don wutar ta yi yini biyu ba ta zo ba. Farfesa ya zauna kan kujera ya dafe kai.

“Madam Hajara, ina za mu sami lita goma sha biyar ta ruwa mai tsami sosai kafin jibi?”

Na san inda yake. Ranar Litinin Mma ta tafi Sokodé gaisuwar mutuwa, kwana huɗu za ta yi, kuma tukunya a hannuna ta bar ta. Tana ɗaura ɗankwali a ƙofar gida ta ce:

“Ke, Madam Labo. Ki ba ta ruwa kowace safiya, ki rufe. Ki ɗebi na sama in kina so. Kada ki ga gindinta.”

Ranar Laraba da safe na tsuguna gaban tukunya da jarka. Na ɗebi na sama, bai kai rabin abin da ake so ba. Na ƙara, na ƙara, ludayi ya fara taɓa laka. Sai na ce wa kaina, ai in kai duka, in tace a labo in dawo da lakar da yamma, wa zai sani? Na karkata tukunyar na juye ta tas. Na ga gindinta. Akwai wani ɗan zane a ciki, kamar sawun kaza, wanda maginin ya yi da yatsa, kuma ina jin tun zamanin Iya ba idon da ya gan shi sai nawa.

Yanzu ku saurara da kyau, don a nan ne na daɗe ina yi wa kaina sassauci. Tantani ba ya son laka, toshe shi take yi, saboda haka kafin ruwa ya shiga injin sai an tafasa shi an tace. Aikin da na yi sau ɗari ke nan. Na juye jarkar duka a babbar tukunyar ƙarfe na kunna wuta, na tace, na kankare abin da ya rage a kan matata na bi shi da ruwan famfo, na wanke jarkar da jabel, ruwan kashe ƙwayoyin cuta, na kife. Sai da na ga farin ruwan yana juyawa a bakin magudana yana shigewa sannan na tuna. Shekaru na yi ina cewa hannuna ne ya yi, sabo ne. Eh, akwai sabo. Amma gaskiyar ita ce ban firgita ba. Na tsaya na kalle shi ya tafi, na ce ai laka ce, ainihin abin yana wurina, zan mayar mata da shi ya fi na da tsabta.

Ranar Alhamis injin ya yi aiki kamar ya san da baƙi. Allura ta hau, baƙin suka yi ta gyaɗa kai suna rubutu, ɗaya ta tambaye ni inda muka samo ruwa mai kyau haka, na ce na gida ne, na gargajiya, har da murmushina. Da yamma na sami abin da ya cika 'yar kwalba guda, fari ƙal, mai ɗan yauƙi. Na manna takarda na rubuta sunansa da Faransanci da kyakkyawan rubutuna.

Mma ta dawo ranar Juma'a da hantsi. Ko mayafi ba ta cire ba ta wuce bayan ƙofar kicin ta ɗaga faifai. Na zuba sabon ruwan kamu a ciki tun jiya don kada ta tarar da ita wayam, amma ko sunkuyawa ba ta yi ba, hancinta ya gaya mata. Na yi sauri na miƙa mata kwalbar da hannu biyu, ina ta zuba bayani, cewa ɗigo uku ya isa kofi, cewa ba ya lalacewa, cewa ta huta. Ta bar ni na gama.

“Ina uwar?”

“Na tafasa, Mma. Na zubar.”

“A ina?”

“A magudanar labo.”

“Ina take kaiwa?”

“Ina jin teku.”

Ta juya kwalbar a hasken ƙofa.

“Iya ba ta taɓa son teku ba. Ko kifinsa ba ta ci.”

Iyakar faɗan da ta yi mini ke nan. Da ta zage ni, da ta ɗauki muciya ta kwaɗa mini, da na ji sauƙi. Ta buɗe kwalbar ta ɗiga a kofin ruwa ta kurɓa, ta ɗan yamutsa fuska.

“Tsami kam akwai. Sai dai ba kowa a cikinsa.”

Na ji haushi, kun san halina. Na ce haba Mma, ai kowane gero aka jiƙa kwana uku zai yi tsami, ƙwayoyin halitta ne, suna cikin iska, suna ko'ina. Ta ce to. Ta jiƙa, ya kuwa yi tsami, ta dama ta fita da shi bakin titi. Na bi ta don in ga ƙarshen gardama. Akwai wani tsohon direban tirela, Bazabarme, Alhaji Sambo, wanda in dai yana Lomé a bencin Mma yake karyawa tun kafin a haife ni. Ya kurɓa sau ɗaya, ya sauke kwanon ya leƙa bayanta.

“Hajiya, yau wa ya dama?”

“Ni ce, Alhaji.”

“To lafiya kuwa?”

“Lafiya lau. Tsufa ne.”

Ina tsaye a wurin da farar rigar aikina a jaka, ta san ina ji, ba ta ko dube ni ba. A ranar na fara fahimtar abin da na zubar. Mu a labo tsami ɗaya muke nema, shi muka koya wa tantani ya bari ya wuce. Amma a lakar nan akwai zuriya iri-iri masu rai da suka saba da juna, suka saba da geron Mma da hannunta da inuwar bayan ƙofa, su ne ke ba kokon ɗan ƙamshin nan da ba shi da suna. Ni da na san tantani yana mutuwa in ya bushe yini ɗaya, ni ce ban san wannan ba.

Asabe ce ta tuna mini da wata 'yar ƙabilar Mina da ake kira Da Afi, wadda muka yi maƙwabtaka da ita a tsohon Zongo. Lokacin da mijinta ya rasu ta rasa sana'a, Mma ta koya mata koko ta kuma ɗebar mata ludayi biyu na uwar. Na hau zemijan har Bè-Kpota, na yi ta tambaya lungu-lungu cikin yashi, har na same ta a bayan wani shagon gawayi, ta tsufa ta rage tsawo. Ta ce mini woezon, wato sannu da zuwa, ta rungume ni, na gaya mata komai ina kuka kamar ba ma'aikaciyar jami'a ba. Ta shiga ciki ta fito da kwano a rufe. Ta yi mini magana da Hausarta ta Zongo:

“Kai wa Mma. Nashi ne, ajiya na yi. Amma faɗa masa masara nake ba shi, gero ya yi tsada.”

Na riƙe kwanon a cinya a bayan zemijan, na danne murfin da haɓata, mai babur yana ta tambaya ko miya ce. Mma ta karɓa ta shinshina, ta juye a baƙar tukunya, ta yi sati tana ba shi ruwan gero kafin ta dama. Muka zauna mu uku da Asabe, ta kurɓa, ta riƙe a baki ta lumshe ido. Na ga kamar ta yi nisa, ta tafi wani wuri da ba mu sani ba. Da ta buɗe ido har da ɗan murmushi.

“Jininmu ne. Amma ya yi aure a Bè, Mina yake ji.”

Asabe ta fashe da dariya, ni ma na yi, na ɗauka an wuce wurin. Kashegari Mma ba ta fitar da benci ba. Na ce don me, ga shi an samu? Ta ce na gida dai za a riƙa sha, amma mutane kokon Iya suke zuwa saye, ba za ta miƙa musu wani ta karɓi godiya da sunan Iya ba. Da maƙwabta suka yi ta tambaya sai ta dafa gwiwa ta ce ita ce ta hana. Har ɗingishi ta riƙa yi in ta ga mutane, don kada a ce 'yar boko ta kashe wa uwarta sana'a. Bayan wata uku takardata ta zo, na tafi na yi shekara biyu a ƙasar sanyi ina jera tantani. Na dawo da shaida, aka ƙara mini matsayi, da shi na yi muku makaranta. Farin ginin bakin teku dai ba a gina shi ba, injin ma yana can an rufe shi da tampol. Ni da Mma ba mu sake tayar da zancen ba. Sau da yawa nakan zo da niyyar in durƙusa in ce ta yafe mini, sai in tarar tana raha da ku, in ce bari sai gobe.

Da Mma ta rasu, bayan sadakar bakwai ɗinta, ni da Asabe muka buɗe akwatinta na ƙarfe don raba kaya. A can ƙasa, cikin tsohon zanen Iya, na ji wani abu mai tauri. Kwalbar ce. Ruwan ya ɗan yi ja kamar zuma, rubutuna na Faransanci ya koɗe, amma a ƙarƙashinsa an manna wata takarda da ajami. Na karanta a hankali: Tsamin Iya, wanda Hajara ta wanke.

Mma ba ta iya rubutu ba, ko alif. Na dubi Asabe.

“Ni na rubuta, Yaya, kina Turai. Duk baƙon da ya zo sai ta fito da ita ta nuna, ta ce 'yarta ce ta ciro wannan da wutar lantarki, ko Turawa sai da suka zo kallo.”

“Sunan fa? Ke kika ƙara?”

“Ni na isa? Cewa na yi in sa Madam Labo, ta ce a'a, sunanki na yanka za a sa. Na ce wane suna? Ta harare ni, ta faɗa ƙasa-ƙasa. Na ce ban ji ba.”

“Kai, Asabe!”

“Wallahi na ji. So nake ta ƙara. Ta kuwa ƙara, da ƙarfi, har ta rufe fuska da mayafi.”

Na zauna a ƙasa da kwalbar a hannu, na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza.

To kun ji. Nafisa, tukunyar tana hannunki yanzu. Ki ba ta ruwa kowace safiya, ki rufe, kada ki ga gindinta. In an tambaye ki, ki ce daga Katsina ta taso, ta yanke a hannun uwarki, wata 'yar Mina a Bè-Kpota ta dawo mana da ita, ki kuma sa Da Afi a addu'a tare da Iya da Mma. Kwalbar tana cikin akwatina, kada wanda ya zubar. Bashir, kai ne ɗan farina, kuma ka lura tun daga layin farko na rubuta sunanka ban ɓoye ba. Ni sau biyu Mma ta kira nawa a duniya, duka biyun ba na nan.